Kwana Ukun Baƙo Da Kwana Ukun Iyali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Maulana Shehu Ibrahim Inyass, ya sa albarka a zawiyoyi da masu zama cikinsu.

Bayan haka, akwai jarrabawar da ke samun muridi a kan buzun salla, akwai kuma wadda ke shigo masa ta waya da ƙarfe goma na dare. Ta farko kowa ya san da ita, yana ma shirinta. Ta biyu ita ce ke tona abin da wuridi ya gina a zuciya da abin da bai gina ba tukuna.

Wani ɗan uwa ne daga cikin ikhwani, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Tasawa, aiki ya kai shi Dakar shekara shida da suka wuce. Matarsa ƴar Damagaram ce, suna da ƴa mace mai shekara 11 da maza biyu ƙanana. Wanda ya zauna Dakar ya san yadda garin ke cin mutum. Haya tsada, hanya cunkoso, a fita gari bai waye ba, a dawo an yi isha'i, yara su kwana su tashi ba su ga fuskar ubansu ba. Wata takwas uwargida ta yi tana zuba adashi, jikka bisa jikka, don idan an yi hutun lakkol su je su kwana uku a wani tsibiri da ake kira Mar Loj, can inda kogin Salum ke rarrabuwa kafin ya haɗu da teku. An biya kuɗin ɗaki, an sa ranar Alhamis, yara har sun haɗa kayansu tun mako guda kafin ranar.

Daren Talata waya ta yi ƙara. Kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, tsoho manomi da ya haura saba'in. Ya taso daga gida a mota ta Yamai, ya ratsa Burkina da Mali, ya shiga Sanagal ta Kidira, ya bi Tambakunda har Kaulaha. Ya yi ziyararsa a Madina, ya ga makwancin Shehu, ya cika burin da ya daɗe da shi. Abin da ya rage masa shi ne ya juya gida. Amma sai ya ce tunda tsakanin Kaulaha da Dakar bai wuce kilomita 190 ba, gobe zai ƙaraso ya ga ɗan ƙanwarsa da jikokinsa.

Wannan kawun shi ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ya sayar da gyaɗa ya saya masa kayan lakkol, shi kuma ya kama hannunsa yana saurayi ya kai shi gaban muƙaddamin da ya ba shi ɗariƙa. Duk da haka, da ya ajiye wayar ba farin ciki ne ya fara zo masa ba. Lissafi ne.

Hanya uku ya hango. Ko a bar tsohon a gida da maigadi, a cika masa firij, a ba shi kuɗin kashewa. Ko a fasa tafiyar baki ɗaya, a zauna da shi ana murmushin da bai kai ciki ba, yara suna kallonsa a matsayin wanda ya cinye musu hutu. Ko kuma a ce masa aiki ne ya taso na gaggawa, ya yi haƙuri ya koma daga can. Ta ukun ƙarya ce tsagwaronta, ya kuwa juya ta a ransa fiye da sau ɗaya. Hanya ta huɗu, wato a tafi da shi, ita ce ta ƙarshe da ta faɗo masa, kuma da ta faɗo sai nafsu ta yi maza ta yafa mata rigar tausayi: tsoho ne, zai wahala, bai saba ruwa ba, wurin Turawa ne, ba zai ji daɗi ba. Idan aka yaye rigar, abin da ke ƙarƙashi shi ne kunya. Yana jin kunyar a gan shi da tsoho mai jan baki da goro, mai cin abinci da hannu, wanda ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, a wurin da ya biya kuɗi don a ɗauke shi wani. Wannan ciwo ya yi yawa a cikin ƴan boko, har da waɗanda carbinsu ba ya barin hannu, kuma wahalarsa ita ce mai shi ba ya ganinsa, domin kullum da sunan sauƙaƙa wa tsoho yake zuwa.

Haƙƙin baƙo ba ƙawa ba ne a addini. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (S.A.W) ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira. A ruwayar Abu Shuraihin an fayyace iyaka: yini da dare na farko na karramawa ta musamman ne, liyafa kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne, shi ma baƙon ba a yarda ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Idan kuwa baƙon ɗan uwa ne na jini, haƙƙi ya zama biyu, na baƙunta da na zumunta. Ɗan Tijjaniyya yana da ƙarin igiya a wuyansa, domin cikin sharuɗɗan da ya amsa ranar da ya karɓi wuridi akwai cewa ba zai yanke alaƙa da mutane ba, balle dangi da ƴan uwa a ɗariƙa. Kawun nan kuwa ya haɗa duka ukun.

Amma a duba yadda Alƙur'ani ya ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim (A.S) a Suratuz Zariyat da Suratu Hudu. Bai tsaya tambayarsu ko suna jin yunwa ba. Ya sulale zuwa wurin iyalinsa ba tare da sun lura ba, bai jima ba ya dawo da ɗan maraƙi mai ƙiba gasasshe, ya kusantar da shi gabansu, sannan ya yi musu tayi cikin taushi. Malaman tafsiri sun tsamo ladubba da yawa a nan, amma guda ɗaya ya fi shafar wannan gida na Dakar: abin da aka kawo wa baƙi shi ne mafi kyau a garken. To a gidan ɗan uwan nan ɗan maraƙi mai ƙiba ba ya cikin firij. Nama da shinkafa da lemo ba su da wuyar bayarwa a wurinsa, albashi ne ke saye. Abin da aka yi wata takwas ana kiwo, wanda rai ke rowarsa, shi ne kwana ukun nan na tsibiri. Da ya bar tsohon da tukunya cike ya tafi, da ya ciyar da shi amma bai karrama shi ba. Hausawa sun gama magana tun tuni da suka fifita shimfiɗar fuska a kan ta tabarma.

Sai dai maraƙin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma a nan ne maza da yawa ke yin kuskure suna zaton lada suke samu. Mutum ya kwaso baƙi ya zube wa matarsa ba shawara, ita ce a madafa, ita ce a wanke-wanke, shi kuma ana yi masa kirarin mai kyauta. Labarin mutumin Ansar ɗin nan, wanda ruwayar Muslim ta ambata da sunan Abu Ɗalha, sananne ne. Ya ɗauki baƙon Manzon Allah (S.A.W) zuwa gida alhali babu komai sai abincin yara. Ana yawan mantawa cewa tambayar matarsa ya fara yi abin da ke gidan, kuma a hannunta aikin ya faɗa. Ita ta lallashi yara suka yi barci da yunwa, aka kashe fitila, miji da mata suka yi kamar suna ci har baƙo ya ƙoshi. Yabon da ya sauka a aya ta 9 cikin Suratul Hashri, game da masu fifita wani a kan kansu ko da suna cikin buƙata, bai ware miji ya bar mata ba.

Allah ya taimaki ɗan uwan nan, bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya shiga ɗaki ya faɗa mata yadda ake ciki, har da hanyoyin da ya juya a ransa. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce: "Malam, ai Kawu ubanmu ne, ba wanda zai ce a bar shi. Amma ka san ni suruka ce. In yana wurin ba zan ci abinci a gabansa ba, ba zan ɗaga murya ba, ba zan tsoma ƙafa a ruwa ba. Wata takwas ina ƙirga kwanakin nan. Ka bar ni in ji zafin abin daren yau, da safe ma yi magana."

Babu rashin imani a wannan magana, gaskiya ce ta faɗa. Ita ma tana da haƙƙi. Lokacin da Salmanul Farisi ya sauka baƙo a gidan Abu Darda'i ya tarar da matar gidan a yamutse saboda mijinta ya ba da kansa ga azumi da tsayuwar dare, ai tunatar da shi ya yi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da nasu, kuma Annabi (S.A.W) ya gaskata Salmanu. Da safe uwargida ta fito da kuɗin da ta ware don shaddar Salla ta ajiye a gabansa, ta ce a ƙara ɗaki ɗaya, Kawu ya kwana da babban yaron. Ta kuma roƙi abu guda: kada a gaya wa tsohon maganar kamar ana ba shi labari, a roƙe shi roƙo.

Ranar Laraba da la'asar Kawu ya iso da buhunsa. Garin kuka da daddawa da kilishi daga gida, carbi uku na yara daga Kaulaha. Yana shiga ya kama hannun yarinyar ya ce ga amaryarsa ta girma ba a sanar da shi ba, mazan biyu kuwa ya ce su yi hankali, mai gidan na gaskiya ya zo. Da aka yi masa maganar tafiya bayan magariba, cewa ya yi: "A'a ɗana, ku je abinku. Ni da na kwana a tasha sau nawa a hanyar nan, gida mai fanka zai gagare ni? Zan tsare muku gida." Ladabin baƙo ke nan, kuma da mai gidan yana neman mafita, ga ta an miƙo masa a faranti. Ya durƙusa ya ce: "Kawu, in ba ka je ba mu ma ba za mu ji daɗin zuwa ba. Ita ma mai ɗakin roƙonta ke nan."

Tsohon ya ɗan yi tunani, sai ya tambayi nisan wurin. Aka ce ya haura kilomita 150. Ya tambayi kwana nawa, aka ce uku. Ya ce to nisa ya kai na ƙasaru, tunda a mazhabar Imamu Malik buridi 4 ne, mil 48, kuma zaman bai kai kwana huɗun da ke yanke hukuncin tafiya ba. Sannan ya kawo abin da ɗan ƙanwar tasa bai taɓa tunani ba. Ya ce shi karatunsa bai wuce Risala ba, amma ya ji a bakin malaminsa cewa a Muhtasar an ware matafiya biyu daga sunnar ƙasaru: wanda tafiyarsa saɓo ce, da wanda tafiyarsa wasa ce kawai. "To ɗana, tafiyar nan tamu mene ne sunanta? In na san sunanta sai in san yadda zan yi salla."

Tambayar ta fi ƙarfin ƙasaru. Hukuncin wane irin yawo ne ya shiga wasan da malamai ke nufi, wannan na masu fatawa ne, a tambaye su. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne hutawa da iyali ba aibi ba ne. Sahabi Hanzala ya taɓa zargin kansa da munafunci saboda idan ya bar majalisin Annabi (S.A.W) ya koma cikin mata da yara sai halin da yake ji ya ragu, aka kwantar masa da hankali cewa kowane hali da lokacinsa. Amma tafiya guda, mota guda, ɗaki guda, wani zai je ya dawo da lada, wani ya dawo da hotuna kawai da bashi a wuya. Ana ganin irin wannan a Facebook duk lokacin hutu, har a cikin ɗalibai, mutum ya ci bashi don a gan shi a bakin teku. Sayyidina Umar ya ruwaito cewa an hana su ɗora wa kai abin da ya fi ƙarfi, wannan kuwa ya shafi liyafa ya shafi yawo. A daren nan ne ɗan uwan ya fara sa wa tafiyarsa suna. Ya ce za su je ne don ya biya iyalinsa bashin zama da su, ya karrama baƙonsa, su kuma ga abin da Allah ya halitta. Kawu ya ce to wannan tafiya ya san ta, a tashe shi da asuba.

Hanyar ta bi ta Mbur da Jowal, ta ratsa dajin giginya na Samba Ja, ga kukoki jefi-jefi kamar an ɗebo su daga gida, har ta ƙare a wani ƙauyen masunta da ake kira Ndangan. Daga nan sai kwalekwale mai inji. Mutumin da ruwan da ya sani bai wuce tafkin Madarumfa da kogin Kwara a Yamai ba, aka ɗaura masa rigar ruwa a kan babbar riga, yara suna ta dariya, shi ma yana taya su. Da aka yi nisa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ai miya ce aka manta ba a sa kuka ba. Mai kwalekwalen ya bayyana, ɗan ƙanwar yana fassarawa, cewa rassan ruwan nan duk a haɗe suke da kogin Salum, wanda ke wucewa ta Kaulaha, kuma teku ce ke tura gishirinta ciki har can. Tsohon ya tuna tulin gishirin da ya gani a bakin garin Shehu. Ya yi shiru, ya sake tsoma hannunsa, wannan karon bai yi wasa ba.

Yankin abin kallo ne ga mai ido. Itatuwa ne tsaye a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, ƙananan halittun ruwa masu ɓawo sun manne a jikinsu, mata suna shiga suna ɓamɓarowa idan ruwa ya janye. Akwai tsibiran da ba komai ba ne sai ɓawon da mutanen da suka tara cikin ɗaruruwan shekaru har ya zama tudu, kukoki suka tsiro a kai. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, an kuma ƙirga irin waɗannan tuddai 218. A Mar Loj ɗin kansa babu kwalta, amalanken doki ne abin hawa. Mutanen wurin Serer ne, Musulmi da Kirista, ga masallaci ga coci.

Duk abin da ɗan uwan ya ji tsoro bai auku yadda ya zata ba. Turawa suna nan kwance a yashi da shigarsu. Kawu ya dube su sau ɗaya, ya juya tabarmarsa ta fuskanci itatuwa, ya ce kowa da abin da ya kawo shi, bai sake maganarsu ba. Da aka kawo shinkafa da kifi irin ta ƙasar, ma'aikatan masaukin suna can gefe sun kewaye kwano guda suna ci da hannu. Tsohon ya wanke hannu ya ci nasa kamar yadda suke ci. Mai cokali da wuƙa ne ya zama bare a wurin. Kafin dare ma'aikatan sun fara kiransa Baye, wato uba a harshen Wolof, sunan da duniya ke kiran Maulana Shehu Ibrahim da shi.

Da lokacin wazifa ya yi ƙaramin yaron ya tambaya ko ruwan gishiri yana alwala. Kawu ya ba shi labarin mutumin da ya zo wa Annabi (S.A.W) ya ce suna hawa teku da ruwan sha kaɗan, in sun yi alwala da shi za su ji ƙishirwa, aka ba shi amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Ya ce shekara hamsin yana jin wannan hadisi a ƙasar da ba teku, yau ga ranar aiki da shi. Ya tattare hannun riga ya yi alwalarsa a bakin ruwa, domin Jauharatul Kamali ba a karanta ta da taimama. Aka nemi wuri mai tsarki mai faɗi, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma. Sun gama istigfari 30, suna cikin Salatul Fatihi, sai ga wani saurayi daga cikin masu ɗaukar kaya ya zo a hankali ya zauna a ƙarshen sahu ya ɗauka tare da su. Ba ya jin Hausa, Kawu ba ya jin Wolof, amma Fatihi 50 da hailala 100 da Jauhara 12 ba su nemi tafinta ba. Washegari Juma'a shi ya raka su masallacin ƙauyen, da la'asar kuma ya zo da wasu mutum biyu aka yi zikirin Juma'a har rana ta faɗa cikin ruwa.

Ɗan uwan ya san abin da babu wanda ya sani a sahun nan. Ya fi wata biyar rabonsa da wazifa cikin jama'a. Lazimin safe yakan ja shi cikin mota a cunkoso, na yamma sau da yawa sai ramuwa. Safiyar Juma'ar ma makara ya yi, iskar teku ta danne shi. Kawu bai buga masa ƙofa ba, bai yi masa wa'azi ba, babban yaron ya aika ya ce a gaya wa babansa ruwa ya dawo. Tun jiya tsohon yake lura da ruwan: ya cika ya janye, ya cika ya janye, sau biyu a yini da dare. Ya lura kuma cewa kowace rana yana ɗan makara a kan lokacin jiya, kusan awa guda. Abin da ya faɗa a kai gajere ne, yana kallon ruwan, ba ya kallon kowa: "Wannan bawan Allah yana makara, amma ban ga ya yi fashi ba."

Uwargida kuwa abin da ta faɗa ya tabbata, aƙalla ranar farko. Tana cikin mayafi, tana cin abinci a ɗaki, tana kallon ruwa daga nesa. Ba wanda ya gaya wa Kawu komai. Amma daga ranar Juma'a, da an gama abincin rana sai ya tattara jikokin nan uku ya ce amarya da ƴan rakiyarta za su kai shi cikin ƙauye ganin dawaki, ba za su dawo ba sai la'asar. Ranar Asabar ma haka, har ya ƙara da cewa kada a neme su. Mata da miji suka samu awoyin da ba su samu ba cikin shekara shida, ta shiga ruwa har gwiwa, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ba duk abin da ta ƙirga cikin wata takwas ta samu ba, shaddar Salla kuma ta tafi. Wannan bashi ne a kan mijin, ya kuma san da shi.

Daren Asabar, bayan yara sun kwanta, su biyu suka zauna a bakin ruwa. Ɗan uwan ya kasa riƙe abin, ya ce: "Kawu, ka yafe mini. Daren da ka kira, na yi niyyar in ce maka aiki ya taso." Tsohon ya ɓare goro ya ba shi rabi. Ya ce ya sani. Ya ji a muryarsa tun a waya, da ya shigo gidan kuma ya ga jakunkuna a jere bayan ƙofa. Ya ce abin da mutum ya yi niyya ya fasa don Allah ba abin neman yafiya ba ne, abin godiya ne. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi Dakar, wanda ya riƙe kwana huɗu bai furta ba, don kada ya zuba shi a kan tabarmar da ba ta gama shimfiɗuwa ba.

Maganar ƙanwar ɗan uwan ce, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, tana ƙauye da yara huɗu. Kowane wata kuɗi suna isa gare ta ba fashi, ta je ta karɓa a Tasawa. Amma tun gaisuwar mutuwa bai sake kiranta ba. "Kuɗinka suna zuwa, ɗana, muryarka ce ba ta zuwa. Ta ce in tambaye ka ko wani laifi ta yi maka. Idona ya fara rauni, ban san ko zan sake doguwar tafiya ba, shi ya sa na ce in kawo saƙon da ƙafata."

Babu laifin da ta yi. Shagala ce irin ta birni, da wani tunani da ke shiga mai albashi a ɓoye, cewa wanda ya aika kuɗi ya sauke nauyi. Shi ne dai tunanin da ya so ya bar tsoho da firij cike. Ɗan uwan ya tashi ya yi ta yawo a kan yashi yana ɗaga waya sama har ya samu inda take kamawa. Dare ya yi nisa a Nijar, ana gaban Sanagal da awa ɗaya, amma bugu biyu ta ɗauka. Daga inda yake zaune Kawu ba ya jin abin da ake faɗa, sai dai ya ga mutumin ya durƙusa a kan yashi, wayar a kunne, ya daɗe a haka.

Ranar Lahadi suka koma Dakar. An so ya ƙara mako guda ya huta, a kai shi wurin likitan ido, ya yarda da na likita ya ƙi na mako. Ya ce baƙo raɓa ne, kuma damina ta kusa, gona ba ta san ziyara ba. Ranar Talata da sassafe aka kai shi tasha. A buhunsa akwai maganin ɗigawa a ido, da turmin zane da uwargida ta saya wa ƙanwar mijinta, da ɓawon teku cike da leda da yara suka tsinto wa ƴan uwansu, da wata gorar roba da ya cika da ruwan gishiri ya ɗaure bakinta da tsumma, don ya ce mutanen ƙauye ba za su yarda ba sai sun ɗanɗana. Yarinyar ta riƙe rigarsa tana kuka, ya ce amarya ta yi haƙuri, sadakinta yana can cikin gero sai an girbe. Mota ta tashi ta nufi hanyar Kaulaha.

Allah ya kai shi gida lafiya, ya ƙara wa idonsa haske, albarkar Annabi (S.A.W) da Shehu (R.T.A). Amin.